Kunnen da Aka Aika Sakkwato

Abubuwa da yawa na aikin kiɗa sun shige mini, wasu ma ni na so su shige, amma ban taɓa mantawa da ranar da aka aike ni Sakkwato sayen ampulin bas, wato na'urar ƙara sautin jita, na dawo da abin da ya zaunar da ni gida ba. Ku samarin da kuke kawo mini kayan gyara rumfata, kuna damuna da tambayar wane ampuli ya fi, wace jita ta fi, ku kuka ja. Bari in faɗa sau ɗaya in huta.

A lokacin ni ne makaɗin bas na wata ƙungiyar kiɗan zamani a nan Birnin Ƙonni, irin wadda muke ce wa orkes. Na shige ta a tsakiyar shekarun tamanin, ina da ƙarfina. Sunana Alƙasum, amma a gari Ƙasum Bas aka san ni da shi, har surukata haka take kirana in ba na kusa.

Ga wanda bai sani ba, orkes tana da tsarinta. Shef ne a sama, shi ke riƙe da jitar solo, wadda take kuka kowa ya juyo. Namu Mushe Issufu ne, tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko, inda ake ce wa malami Mushe, mutum mai sanyin murya wanda ban taɓa jin ya ce wa kowa a'a kai tsaye ba. Sai mawaƙa biyu, sai mai tumba, dogayen gangunan hannu, sai mai jitar rakiya, Lawali, wanda duk mun girme shi. Sai Ada mai batiri, wato gangunan nan na Turawa da ake bugu da sanda da ƙafa. Ni ina can baya, gefen Ada. Bas jita ce mai tsirkiya huɗu masu kauri, wuyanta dogo, ga nauyi kamar taɓarya. Ba ta waƙa. Aikinta ta haɗu da ƙafar mai batiri su yi wa kiɗan ƙasan da zai taka. In kana yi daidai babu mai kallonka, in ka kuskure har mai sayar da goro sai ya waigo.

Kayan aikina duk tsofaffi ne. Tsirkiya ba a samunta sai Yamai ko Najeriya, don haka in sautinta ya mutu sai in kwance ta in tafasa da ruwan sabulu, dauɗar hannu ta fita, ta ɗan farfaɗo. Matata Hadiza ta hana ni tukunyarta saboda haka, sai da na sayi tawa. Ampulin kuwa ya girmi ɗana na fari. Akwatin lasifikar, wanda muke kira bafil, wani kafinta ne ya haɗa mana da katakon ƙofa, ya yi shi da girma har 'yan ƙungiya suka sa masa suna Rumbu. Mutum ɗaya ba ya ɗaga Rumbu. A bayan bashe, motar da muke haya, shi kaɗai yana cin wurin mutum biyu, kuma da yake nawa ne, kullum ni ne a ƙasa wajen ɗorawa da saukewa. Ƙugun nan da kuke ganin ina dafewa in zan miƙe, Rumbu ne ya bar mini shi.

Muna wasa a gidan matasa, muna zuwa biki da suna, muna zuwa walimar ma'aikata a Malbaza, muna shiga Tsarnawa da Tajaye har Badagishiri. A ƙauye babu wuta, sai mu tafi da gurup, injin wutarmu. Ampulin bas shi ya fi kowa shan wuta, saboda haka akwai dokar da ba a rubuta ba: da gurup ya fara tari, shef zai waigo ya yi mini alama da tafin hannu ƙasa-ƙasa, in rage. In tarin ya ƙi, in kashe. Na sha ƙarasa waƙa ina motsa yatsu kawai don kada masu biki su ce sun ɗauko mutum yana tsaye.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa, bayan kaka, muka je wani biki Badagishiri. Da la'asar ne, fili ya cika, mata sun shiga rawa. Takardar lasifikar Rumbu dama na sha like ta da gam da ƙyalle, har likin ya fi takardar yawa. Ranar ta ce ta gaji. Ina jan tsirkiya ta ƙasa sai na ji kamar an yaga sabon zane, daga nan kowane sauti da na taɓa sai ya fito da gurnani. Muka ƙarasa wasan haka nan, na laƙa bas ɗina a ampulin mawaƙa, ana jina ba a jina.

Muna da uban ƙungiya, wani alhaji mai motocin sufuri. Da shef ya kai masa kuka, ya ce zai saya mana abu, amma guda ɗaya, don kasuwa ta lalace. A wurinmu kuwa al'ada ita ce mai kaya shi ke zaɓen kayansa. Da za a sayi jitar solo shef ya je, da za a sayi faifan batiri Ada ya je. Babu mai sayo wa wani, don kowa da hannunsa da kunnensa. Muka zauna inuwar itacen bedi a gidan matasa, aka ce to Ƙasum, wannan karon naka ne. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Na daɗe ban ji irinsa ba.

Da aka watse shef ya ja ni gefe.

"Ƙasum, ka tahi da Lawali. In kun gama dibin ampulin, ku saurara muna piyanon nan da aka ta magana, wanda ka yin bas da hannun hagu. Ba cewa niy yi a saye ba. Saurare kawai."

Na ce, "Shef, ai Alhaji abu guda yac ce."

"Na sani. Shi as sa kai nika aikewa. Kunnenka nika aikewa. Abin da kac ce ya yi, shi za a ɗauko."

Na ce to. Amma ba yaro ba ne ni. Na san wasanni sun ragu. Na san masu biki sun fara cewa mun yi yawa, ciyar da mu kaɗai aiki ne. Na san akwai wani mutum a Tawa da piyano ɗaya da mawaƙi ɗaya, a kan babur suke zuwa, kuma ya fara cin garuruwan da muke ci. Na kuma san Lawali ya taɓa piyano lokacin da ya zauna Yamai. In aka sayi piyano, bas ya koma hannun hagun Lawali, ni kuma ban san inda zan koma ba.

Da sassafe muka ƙetare iyaka, muka hau mota a Illela ta Najeriya. Na rungume bas ɗina cikin buhu, don ba a gwada ampuli da jitar wani. Lawali mai surutu ne, amma har muka shiga Sakkwato bai ce komai ba sai da na miƙa masa goro ya ce na gode. Daga nan na gane shi ma an yi masa magana.

Shagon yana bakin wata babbar hanya kusa da kasuwa, na wani Ibo ne da ya daɗe a garin har Sakkwatanci ya zauna masa a baki. Muka faɗa masa abin da ya kawo mu, ya jawo mana wani ampuli baƙi, lasifikarsa a jikinsa, da mariƙi a sama. Na gwada ɗagawa, ya taso da hannu ɗaya. Na ajiye na sake ɗagawa don in tabbatar. Sannan na laƙa bas ɗina na taɓa tsirkiya ta ƙasa.

Samari, duk shekarun nan ashe ban taɓa jin muryar jitata ba. Rumbu ne nake ji. Sautin ya fito zagaye, mai tsabta, ya ratsa ta tafin ƙafata ya zauna mini a ƙirji. Tsofaffin tsirkiyoyin nan da na tafasa har na gaji, sai ga su suna magana. Na bi waƙoƙinmu ɗaya bayan ɗaya, na manta da Lawali, na manta da shef. Da na ɗago, mai shagon yana murmushi irin na wanda ya riga ya sayar.

Sai dai ba a sayen ampulin bas a gabansa. Wanda ya koya mini sana'ar, marigayi Hamidin, ya nuna mini yadda ake yi. Ka ba wani ya riƙa kaɗawa, kai ka fita, ka ƙetare hanya, ka juya wa shagon baya. Bas daga nesa yake nuna halinsa. Kuma kada ka saurara da kunnenka kaɗai, ka nemi mutumin da bai san ana kallonsa ba, ka dubi ƙafarsa. Na miƙa wa Lawali jitar na ce ya riƙe mini kiɗa mai sauƙi, na ƙetare.

Akwai wata dattijuwa a can tana sayar da dafaffiyar gyaɗa, ta miƙe ƙafafu tana fifita da murfin kwano. Na tsaya kusa da ita kamar mai jiran mota. Ba a jima ba babban yatsan ƙafarta ya fara motsi, sai diddigen ya karɓa. Ampuli ya ci jarrabawa. Da a nan na tsaya, da labarin ya ƙare da daɗi.

Na koma na ce wa mai shago ya fito da piyanon. Abu ne siriri, mara nauyi, ka sa shi a hammata ka wuce. Na sa aka laƙa shi a ampulin mawaƙa irin namu, don haka za mu yi amfani da shi. Mai shagon ya danna wasu maɓallai, Lawali ya ɗora hannun hagu. Na ce ya kaɗa abin da ya kaɗa ɗazu, na sake ƙetarewa.

Ni na ji bambanci tun daga sautin farko. Babu ƙarar yatsa a kan tsirkiya, babu nishi, kowane sauti daidai da ɗan'uwansa kamar bulo daga injin bugu. Zuciyata ta ɗan yi sanyi, na ce ai wannan ba ya kai ko'ina. Sai na dubi ƙafar dattijuwar. Yatsan yana motsi, diddigen yana karɓa, daidai yadda ya yi ɗazu. Na tsaya ina jiran ta daina. Ba ta daina ba. Har na yi abin da Hamidin bai koya mini ba, na sayi gyaɗar da ba na so, na tambaye ta.

"Inna, kiɗin ɗazu da na yanzu, wane yaf fi?"

Ta dube ni ta ce, "Au, an sake na? Ni dai kiɗi nika ji, ɗana."

Na daɗe kafin in ƙetaro. Da na shigo Lawali ya janye hannu daga piyanon kamar ya taɓa wuta.

"Yaya Ƙasum, ƙaƙa kaj ji?" Bai jira amsa ba ya rage murya. "Wallahi in kac ce bai yi ba, bakina bai buɗewa har abada. Mu ɗauki ampulinmu mu tahi gida."

Kuma gaskiya yake faɗa, na san yaron. Kalma uku ce tsakanina da ampulin nan, babu kuma mai musa mini, don duk Ƙonni babu wanda ya fi ni sanin bas. Na zauna a kan ampulin, yana da ɗumi. Na tuna in na kai shi gida muna nan yadda muke, da yawanmu, da bashe, da gurup mai tari, mutumin Tawa kuma yana ci gaba da wuce mu a kan babur har ranar da babu mai kiranmu gaba ɗaya. Na tuna iyalin kowa. Wannan shi ne dalilin da nake faɗa in ana son a yabe ni. Akwai na biyu. Kafaɗata tana zogi daga ɗan kiɗan da na yi, na kuma tuna hanyar Tajaye da rana tsaka, da tsayuwa a bayan kowa, da alamar tafin hannu ƙasa-ƙasa. Har yau ban san wanne ya buɗe bakina ba, gaskiya ko gajiya.

Na ce, "Ya yi."

Mai shagon ya dube ni ya ce, "Maigida, ai wancan kaka so. Na ga idonka." Na ce ya ɗaure mana piyanon. Ya ce in na samu hali in dawo, zai ajiye mini. Na ce to, kamar yadda ake cewa.

Da muka iso, shef ya shafa kwalin, bai dubi idona ba. Ya ce, "Allah shi biya ka, Ƙasum. Wurinka na nan, babu mai taɓa shi." Ada kuwa ya jira sai da muka fito waje.

"Kai anka aika, ba wani ba. Da kac ce bai yi ba, wa za shi musa? Ni yanzu wa zan diba in kiɗi ya ɗau zahi, kwali?"

Na ce masa ƙafar mutane ta ce ya yi. Ya ce ƙafar mutane ba ta da iyali. Ya hau mobilet, ɗan babur ɗinsa, ya tafi, ya daɗe bai yi mini magana ba.

Aikin da ya biyo baya shi ya fi ci mini rai. Waƙoƙinmu babu wanda ya rubuta su, bas ɗin kowace waƙa a hannuna yake. Sai shef ya roƙe ni in zauna da Lawali in zuba masa su. Kullum bayan azahar mu haɗu gidan matasa, in kaɗa ya bi, in kaɗa ya bi. In ya yi sauri in buge masa hannu. Na koya masa inda ake yin shiru, wanda ya fi inda ake kaɗawa wuya. Na koya masa har wani ɗan zamiya da nake yi a waƙar amarya, wanda asalinsa kuskure ne na yi a Tsarnawa, mutane suka so shi, na riƙe. Da na so, da na ɓoye wasu abubuwa, amma in na ji ya kaɗa ba daidai ba sai jikina ya ƙi. Lawali yana koyo yana ba ni haƙuri, har na ce in ya sake ba ni haƙuri zan fasa.

A sana'armu ba a korar mutum. Kowa ɗan'uwan kowa ne, gobe za ku haɗu a jana'iza. Yadda ake kiran wasa shi ne Ada ya zagaya gidaje da mobilet ya ce ranar kaza akwai aiki. Da farko ana zuwa da ni, a laƙa ni a gefen ampulin mawaƙa, a rage ni yadda ba zan dame piyano ba. A wata walima a Malbaza wayata ta zare ban sani ba, sai da waƙa ta ƙare na gan ta a ƙasa. Daga baya aka daina hayar bashe aka koma ƙaramar mota, tunda babu Rumbu. Sai Ada ya zo ya ce wannan karon wuri ya yi kaɗan, na gaba. Na gaban ma haka. Daga nan in ya zo sai ya zauna mu sha shayi, mu yi zancen damina da tsadar hatsi, ya dubi rana ya ce bari ya tafi, akwai inda zai leƙa. Ni na san inda zai leƙa, sandunan batiri suna leƙowa daga aljihun rigarsa.

Wata Asabar aka yi biki a unguwarmu, 'yan layuka kaɗan daga gidana, kuma orkes ɗinmu aka ɗauka. Babu wanda ya zo kirana. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan la'asar na kwanta. Daga nan ba a jin mawaƙa sosai, solo ma sai iska ta kaɗo, amma bas yana shigowa ta katanga kamar a ɗakina ake yi. Hadiza ta tafi kasuwa tun azahar. Sai ga ta ta shigo da kaya a ka, tana ɗan bin waƙar da baki, fuskarta a sake yadda na kwana biyu ban gani ba. Ta yi turus da ta gan ni.

"Au, Malam, kana gida? Tun daga bakin kasuwa nika jin hannunka, nic ce alhamdu lillahi, yau dai an kira ka."

Na ce, "Lawali na. Ya iya."

Ta sauke kayan ta shige madafa. Ban ji ta sake bin waƙar ba.

To, kun tambaye ni kaya, ga abin da na sani. Ku ɗaga ampuli kafin ku kunna shi, don ku za ku ɗauka. Ku tambayi wutar da yake sha. Ku ƙetare hanya ku saurara. Amma ku sani mutane rawa suke zuwa yi, ba makaɗi suke zuwa gani ba, kuma ba su yi laifi ba. Abokan aikinku ma ba mugaye ba ne. Mushe Issufu ya zo sunan 'yata ta ƙarshe, Lawali har gobe ba ya wuce rumfar nan bai durƙusa ba. Kunya ce take hana su sallamar mutum, sai su bar shi ya yi da hannunsa, su yi masa addu'a. Ƙungiyar ta ƙara wasu shekaru tana ci saboda piyanon nan, wannan gaskiya ne, ina kuma faɗa wa kaina in abin ya taso mini.

Ranar dai ban tashi daga tabarmar ba. Na kwanta ina saurare, ina jiran Lawali ya kuskure ko sau ɗaya, in samu abin da zan je in gyara masa da safe. Har aka kira magariba aka kashe kaya, bai kuskure ba.